Ɗinki Ya Warke, Cikin Fa?

'Yan uwana mata, akwai wata magana da na gaji da jin ta a bakinmu, yau kam sai na amayar da abin da ke raina. Maganar ita ce, "Haba, ba an yi mata aiki ba? Ai ta warke, son jiki ne kawai." Wallahi duk wadda ta taɓa faɗin haka a kan mai ciwon hanji ta ɗauki alhaki, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Ni da nake wannan rubutu shekara huɗu ke nan da aka yanke mini wani sashe na ƙaramin hanji, saboda ciwon da likitoci ke kira Crohn, sunan wani likitan Amurka ne da ya yi bayanin ciwon a 1932 shi da abokan aikinsa. Ciwo ne da ke sa hanji ya kumbura ya yi gyambo, wani wurin ma ya tsuke. Wuƙar likita inda ya lalace kawai take cirewa, ciwon yana nan, sau da yawa ma a daidai mahaɗin da aka ɗinke yake sake tasowa. Kuma ƙarshen ƙaramin hanjin nan da aka fi yankewa shi ne mai tsotse ruwan matsarmama da sinadarin B12, to in babu shi sai gudawa kamar an kunce famfo, ga ƙarancin jini, ga kasala. Ke kina kallon fata ta haɗe, tabo ya bushe, me kika sani game da abin da ke ƙarƙashi?

Ku zo mu yi maganar tafiya, don a nan aka fi cin zalin mu. A ce ana biki a Maiduguri, dangin miji sun ce lallai sai kin je. Daga Kano kusan kilomita 600 ne, ta Wudil, Azare, Potiskum, Damaturu, kina matse a kujerar baya tsakanin mutum uku da buhu. Ciki ya murɗa, kin daure kin daure, kin cire kunya kin ce, "Malam direba, don Allah ɗan tsaya." Ya ce, "Hajiya, sai Potiskum." Shi direba ban cika ganin laifinsa ba, sauri yake yi. Waɗanda ke ƙona mini rai su ne matan da ke cikin motar, su ne masu tsaki, su ne masu cewa "ita wannan me ta ci?" Maimakon ɗaya ta ɗaga murya ta taya ki roƙo, ta fito ta kāre ki da mayafinta a bakin daji. Wai ina muka kai zancen ciwon 'ya mace na 'ya mace ne?

Shi ya sa da yawanmu tun daren jajibirin tafiya muke daina ci da sha, kuma wannan ganganci ne da tsoron bakinku ya tilasta mana. Mai gudawa ta ƙi shan ruwa a zafin Afrilu, ai ƙoda take wa illa. Kamata ya yi ta tafi da gorarta da ƙullin gishiri da sukari na ORS tana kurɓa a hanya.

Ni ma nawa da sauƙi. A layin ganin likita na san wata baiwar Allah da aka fito mata da bakin hanji ta gefen ciki, bahayarta a wata jaka da ake liƙawa da fata take taruwa. A ƙasar nan ko taifod ya huda hanji akan yi wa mutum haka, wani na 'yan watanni ne a mayar. Jakar nan ba ta jin umarni, cika take yi lokacin da ta ga dama, zufa kuma na sassauta gam ɗinta. In za ta yi tafiya sai ta ninka jakunkunan da take buƙata, don ba kowane kemis ake samu ba, in jirgi ne kuma a jakar hannu za ta sa su tare da takardar likita, kada akwati ya yi ɓatan kai. Wannan ita ce aka ce da ita mai girman kai don ta ƙi kwana a ɗaki ɗaya da mata goma sha.

Sai an isa kuma a dasa wani sabon babin. An kawo gyaɗa da aya da dafaffiyar masara, kin ce a'a, sai a ce kina ƙyamar abincin mutane. Alhali irin waɗannan su ne ke iya tsayawa a inda hanji ya tsuke su toshe shi, a kwashe ki sai asibiti a garin da ba a san tarihin ciwonki ba. Kafin ki rufe baki wata gwaggo ta yanke hukunci, "Basir ne, 'yar nan, dattin ciki ne," ta ciro ƙullin da ta saya a tasha wurin mai lasifika. Gwaggo, Allah ya bar zumunci, amma maganin wankin ciki a hanjin da aka ɗinke ba taimako ba ne. Ko ibuprofen da diclofenac da ake miƙa wa kowa don ciwon jiki suna iya tayar da wannan ciwo, balle abin da ba a san me aka dama a ciki ba.

Ku kuma masu gidan biki, na lura da wata ɗabi'a. Ban ɗaki ɗaya ake bar wa baƙi ɗari a tsakar gida, na cikin ɗakin uwargida a datse shi da kwaɗo a ɗaure makullin a bakin zane. In kun matsa sai na zo, to ba na son kaza, ba na son lemo. A ba ni makullin nan a hannuna tun ina sauke mayafi, a ajiye mini buta cike da ruwa, kuma kada wadda ta ƙirga mini sau nawa na shiga.