Wa Ya Ajiye Zaren Shago?

A watan Agustan 2024 an yi gwanjon wata tsohuwar riga a ƙasar Amurka, aka sallama ta a kan dala miliyan 24 da ɗoriya. Ba aska takwas ba ce, ba kuma alkyabbar wani basarake ba. Rigar wasa ce mai ruwan toka wadda Babe Ruth na ƙungiyar New York Yankees ya sa a gasar ƙarshe ta 1932, a wasan nan nasu na besbol da ake bugun ƙwallo da kulki. Da na kai wannan labari majalisarmu ta marubuta a nan Sakkwato, sai aka tuntsire da dariya, wani ya ce in kuɗi sun yi wa Bature yawa ba ya sanin inda zai kai su. Har da ni aka yi dariyar. Sai da na koma gida na kwanta sannan ta koma mini ciki, domin na tambayi kaina: shin su ne wawaye da suka ajiye, ko mu da muka zubar?

Dubi ƙungiyar Yankees ta 1927, wadda Amurkawa da yawa ke cewa ba a taɓa yin irinta ba. A kakar nan ta ci wasa 110, Ruth ya yi bugu 60 irin wanda ke kai mai bugu ya zagaye fili har gida, sannan suka lallasa ƙungiyar Pittsburgh sau huɗu a jere suka ɗauki kambi. Yau kusan shekara ɗari ke nan, amma ƙwallon da suka sa wa hannu, da kulkin da suka riƙe, har da guntun tikitin shiga fili, ana ajiye da su, ana kuma bin diddigin hannun da suka ratsa. Tun 1939 suka buɗe gidan tarihin wannan wasa a wani ɗan ƙaramin gari da ake kira Cooperstown.

To, mu dawo gida. Ba mu da besbol, ba ma kuma bukatarsa. Muna da dambe, muna da kokawa, muna da ƙwallon ƙafa. Babu Basakkwacen da ya kai shekara arba'in da zai ce bai san Shago ba, ko bai ji labarin karawarsa da Ɗandunawa ba, ko da kuwa daga bakin Ɗan'anace ne a rediyo ko kaset. To, ina zaren da Shago ke ɗaurewa a hannu? Ina warkinsa? Ina kalangun da aka zuga shi da su? Na yi wannan tambaya a majalisu da dama, kuma duk inda na yi ta kallon mai taɓin hankali ake yi mini.

Abin da ya sa maganar ke ci mini rai shi ne wani dattijo da muka yi maƙwabtaka da shi, bamahauci, wanda ya yi tashe a fagen dambe da ƙuruciyarsa. Yana da wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, a ciki akwai zarensa, da warki, da hotuna huɗu na baƙi da fari, da wani ɗan kofi da ya ciwo a wani gari. Sau uku yana ce mini, "Malam, tunda kai mai biro ne, ka zo da littafi in faɗa maka wa na kashe, wa ya kashe ni." Ni kuwa a lokacin ina fama da wani labarin soyayya da nake zaton zai fitar da ni. Kullum sai in ce gobe. Da Allah ya yi masa rasuwa, bayan an share makoki na je tambaya, sai na tarar akwatin ya zama na ajiye garin tuwo. Hotuna gara ta cinye, zaren kuwa an ɗaure akuya da shi. Ba na ganin laifin iyalinsa. Su igiya suka gani, kuma igiyar ce, tunda babu wanda ya rubuta cewa ta fi igiya.

A nan ne maganar ta shafe mu, 'yan'uwa marubuta. Kada wani ya ɗauka auduga ake saye da miliyoyin nan. Shaida ake saye. Rigar da Maradona ya sa a wasan Ajantina da Ingila na 1986 ta yi fam miliyan 7 da ɗoriya a 2022, domin an san cewa Steve Hodge ne ya yi musayar riga da shi bayan wasa, an san gidan tarihin da ta zauna shekara da shekaru. Da 'yar Maradona ta ce ba da ita mahaifinta ya ci ƙwallayen nan biyu ba, sai masu gwanjon suka fito da binciken da aka yi, inda aka gwada rigar da hotunan wasan. Wannan ai isnadi ne, kuma abin kunya ne a ce Bature zai koya wa Sakkwato isnadi, garin da almajiri zai lissafa maka malamin malaminsa har zuwa kan Shehu da Abdullahi da Bello. Marigayi Waziri Junaidu ya ƙarar da rayuwarsa yana tattara takardun magabata, ga hukumar tarihi da al'adu mai ɗauke da sunansa a garin nan. Mun iya ajiya. Zaɓe muke yi, kuma a wurin zaɓen muka jefar da jarumawan talakawa.

Na san abin da za a ce. Za a ce dambe shashanci ne, sana'ar mahauta da makaɗa, bai kamata mai ilimi ya ɓata tawada a kansa ba. Za a ƙara da cewa kayan ɗan dambe cike suke da layu da guraye. Ban musa ba. Amma ajiye abu daban, yin imani da shi daban. Wanda ya ajiye laya a bayan gilashi ya rubuta mai ita da garinsa da shekararsa, bai ce kowa ya ɗaura ba. In ma wa'azi kake so ka yi a kan camfi, ai gara ka sami abin nunawa. Batun raina mahauta kuwa, wannan ciwonmu ne, ba hujja ba. Wanda ya tara dubban mutane a dandali bayan kaka, aka yi ta zancensa daga Sakkwato har Maraɗi, ya shiga tarihin ƙasar nan ko muna so ko ba ma so. Maƙwabtanmu na Nijar sun gane haka: tun 1975, da aka fara gasar takobin kokawa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, suna iya jero maka zakarun kowace gasa. Mu wa zai jero mana na dambe?

Gaskiya ne ɗalibai a jami'o'inmu sun yi nazarin waƙoƙin Ɗan'anace, kuma sun kyauta. Sai dai waƙa yabo ce. Makaɗi ba ya gaya maka ranar da gwaninsa ya sha ƙasa, kuma ba aikinsa ba ne ya riƙe shekara da wata. Inda kalangu ya tsaya, nan ya kamata alƙalami ya ɗauka.

Ƙwallon ƙafa ma da muke ganin na 'yan boko ne bai tsira ba. Duk wanda ya yi wayo a 1996 yana tuna daren da Nijeriya ta taso daga ci 3 da 1 ta doke Burazil 4 da 3, sannan ta doke Ajantina 3 da 2 ta ɗauko zinariyar Olamfik ta Atlanta. A cikin tawagar akwai Tijjani Babangida da Garba Lawal, 'ya'yan Arewa. Shaguna da ɗakunan samari sun cika da kalandarsu a lokacin. Wa ke da ko guda yanzu? An naɗe tsire da su. Filin wasa na Giginya kuwa, sunan wurin da aka gwabza da Turawa a 1903 yake ɗauke da shi. Muna tuna yaƙin, kuma ya kamata. Amma samarin da suka zubar da gumi a filin, wa ya rubuta sunayensu?

Ba ina kira a tono kaya a kai wa Bature ya saya ba. Wannan ma wata asarar ce, kuma da zarar an ji ƙamshin kuɗi, kowace igiya a kasuwa za ta zama ta Shago. Abin da nake nema bai fi ƙarfinmu ba. Ƙungiyar nan tana da mambobi a kusan kowace unguwa. Kowa ya nemi tsohon ɗan dambe, ko ɗan kokawa, ko ɗan ƙwallo guda ɗaya tal, ya zauna da shi da littafi da wayar hannu, ya ɗauki hoton abin da ya rage a akwatinsa, ya rubuta wa ya ba shi, a wane gari, a wace shekara, sannan ya nemi mutum na biyu da ya halarci karawar ya tabbatar ko ya ƙaryata. Malam Edita kuma ya ware shafi biyu a kowace fitowa. A shekara an sami mutum huɗu. Kwafe guda mu miƙa wa hukumar tarihi, guda ga jami'ar Ɗanfodiyo.

Ni na riga na fara. Akwai abokin karawar maƙwabcin nan nawa da ke raye a wani ƙauye ta hanyar Wurno. Idonsa ya tafi, amma an ce har yanzu yana riƙe da turmi-turmi na damben da suka yi. Ranar Asabar zan tafi, kuma na sayi littafin tun jiya.