A Sa Tazarar Mai Keke Cikin Doka

An sake yin bikin Ranar Keke ta Duniya a ranar 3 ga Yuni, kamar yadda aka saba tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ta a 2018, jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa sun hau kekuna sun zaga tituna, an yi jawabai kan lafiyar jiki da tsabtar iska, sannan kowa ya koma motarsa. Amma jadawalin laifuffukan da dokar hukumar ta 2007 ta tanada har yanzu ba shi da wani laifi da ya keɓanta da direban da ya matse mai keke, balle ya faɗi tazarar da ta wajaba a bari tsakaninsu. Abin da ke ciki shi ne laifin wuce abin hawa ba bisa ƙa'ida ba, wanda dokar ta yanka wa tarar naira 3,000, kuɗin da ba su kai na litar fetur huɗu ba.

Wannan jarida tana ganin sakacin ya isa haka, musamman tun bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da malamin firamare da ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci suka kakkaɓe tsofaffin kekunansu saboda kuɗin mota ya fi ƙarfin aljihu. Keke ba ya tafiya a miƙe kamar jirgin ƙasa, domin mai tuƙa shi yakan kauce wa rami ko yashin da ya taru a gefen kwalta, kuma iskar tirela kaɗai tana iya fizgar wanda ya ɗauro buhun masara a baya ta jefa shi ƙarƙashin taya, ko da ƙarfe bai taɓa shi ba. Saboda haka tazarar wucewa, wato faɗin filin da ke tsakanin madubin gefen mota da kafaɗar mai keke, ita ce kaɗai garkuwarsa, kuma wajibi ne a rubuta ta da lamba a cikin doka.

Ƙasashen da suka ɗauki lamarin da muhimmanci sun daɗe da yin haka. A Sifaniya doka ta wajabta mita ɗaya da rabi, kuma tun watan Maris na 2022 direban da ya saɓa yana biyan Yuro 200 tare da asarar maki shida daga lasisinsa, maki kuwa su ne adadin da ake zaftarewa a kan kowane laifi har a kai ga ƙwace lasisin. Birtaniya ta sa irin wannan tazara cikin ƙa'idojin hanya a watan Janairun 2022, bayan 'yan sandan yankin West Midlands sun fara tun 2016 hawa keke cikin farin kaya, suna sanar da abokan aikinsu da ke gaba ta rediyo su tare duk wanda ya matse su.

Direbobi za su ce hanyoyi ƙunci gare su, ba mai yawo da abin awo, kuma wasu masu keke suna tafiyar dare ba fitila, wanda duk akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai inda hanya ta yi ƙunci, abin da hankali ya ba da shi ne a taka birki a jira, kuma hukumar da ba ta gajiya da tare motoci don neman tukunyar kashe gobara da takardun da suka ƙare ba za ta ce ta rasa jami'an da za su lura da ran mutum ba. Ba a manta ba cewa a 2001 motar bas ta banke Ministan Sufuri na lokacin, marigayi Ojo Maduekwe, ya faɗa kwata yana kan keke a Abuja, aka mayar da abin raha a jaridu, aka wuce ba tare da an gyara ko da sakin layi ɗaya na doka ba. Idan haka ta faru ga minista, ba sai an tambayi makomar mai tallan burodi a titin Zariya da ke Kano ba.

Buƙatar ba ta da sarƙaƙiya. Majalisar Tarayya ta gyara dokar 2007, ta ayyana mita ɗaya da rabi a matsayin mafi ƙarancin tazara, ta sa tarar da za ta yi wa direba zafi tare da hukunci a kan lasisinsa, a kuma mayar da batun tambaya ta dole a jarrabawar tuƙi da faɗakarwa a tashoshin mota ta hannun ƙungiyoyin direbobi. Gwamnatocin jihohi masu hukumomin kula da zirga-zirga, irin su KAROTA a Kano da KASTLEA a Kaduna, ba su da dalilin jiran Abuja kafin su yi nasu. Muddin ba a rubuta tazarar nan cikin doka ba, hukumomin da ke kiran talaka ya hau keke suna da kaso a alhakin duk wanda mota ta take.