Mu duba bakin tsoffin finafinai kamar yadda muke duba bakin atamfa

A Arlit da Akokan, idan an tashi kasuwa an yi sallar isha'i, tele ce ke tara mutane. Tashoshin parabol kan dawo mana da tsoffin finafinan 'yan sanda da ɓarayi, mu zauna muna tafa wa jarumi. Ba mu ce a daina kallo ba, mu ma da su muka girma. Amma iyayenmu mata na kasuwa ba sa biyan kuɗin atamfa sai sun warware ta sun duba bakinta. Fim ma haja ce, kuma akwai abin da mai ita yake son mu saya.

Mu ɗauki Le Professionnel na 1981, wanda Jean-Paul Belmondo ya fito a ciki. Gwamnatin Faransa ta aike shi wata ƙasar Afirka ta ƙage, Malagawi, ya kashe shugabanta Njala. Kafin ya aikata sai siyasa ta juya, Njala ya zama aboki, manyansa suka bashe shi aka ɗaure shi. Da ya tsere ya koma Paris, sai ya ce shi fa sai ya cika aikin da aka ba shi. Kiɗan Ennio Morricone yana tashi, tausayinsa ya kama mu.

To, a duba da kyau. Fushin fim ɗin duka a kan cin amanar Bature ɗaya yake. Aika mutum ya kashe shugaban wata ƙasa kuwa an nuna shi kamar aikin ofis na yau da kullum. Talakawan Malagawi ba a tambaye su komai ba. Mu da muke zaune kan uraniyom bai kamata wannan ya wuce mu ba. SOMAIR ta fara fitar da uraniyom a 1971. Shugaba Diori Hamani yana cikin neman Faransa ta ƙara farashinsa sojoji suka kifar da shi ranar 15 ga Afrilun 1974. Fim ɗin ba labarin Nijar ba ne, amma a zamanin irin wannan hulɗa aka yi shi.

Su kansu Turawa suna waiwayar nasu. A 2013 aka gano Horst Tappert, wato sufeto Derrick mai sanyin magana, ya taɓa zama sojan Waffen-SS na Hitler, daga baya tashar ZDF ta Jamus ta daina maimaita shirin.

Abin takaici shi ne namu sun riga mu gane wannan. Tun 1966 Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier: saurayi ya dawo daga tafiya da akwatin kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka addabi ƙauyensu. Idrissou Mora-Kpai ya yi Arlit, deuxième Paris a 2005. Amina Weira, 'yar tsohon ma'aikacin ma'adinai, ta yi La Colère dans le vent a 2016 kan ƙura da lafiyar mutanen garin nan. An rufe COMINAK a Maris 2021, yara da yawa sun san fuskar Belmondo amma ba su taɓa ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Muna kira ga Télé Sahel da tashoshi masu zaman kansu su ware wa finafinan nan dare ɗaya a mako, da bayani cikin Hausa da Tamashek. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa kuma, tunda ku ke biyan talla, kuna iya cewa a sa tallarku a wannan daren.