Tseren Masu Koren Kaya: Al'ada Ce Ko Shigar Burtu?

A duk ranar 17 ga watan Maris, mutanen ƙasar Ailan da zuriyarsu da ke warwatse a duniya sukan yi bikin tunawa da Waliyyi Patrick, mutumin da ake danganta yaɗuwar addinin Kirista a ƙasarsu da shi tun ƙarni na 5. A Amurka, inda mutum fiye da miliyan 30 ke cewa asalinsu daga Ailan yake, wannan biki ya haifi wata al'ada, wato tseren gudu a kan titunan gari cikin makon bikin. Na taɓa shiga irin wannan tsere a wani ƙaramin gari na jihar Masachuset sa'ad da na je can ƙaro ilmi, kuma tun da na dawo muke ta ja-in-ja da wasu abokaina a kan ko abin yana da wata daraja. Don haka na ga ya kyautu in shimfiɗa ra'ayina gaban malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, su auna su gani.

Tseren da na shiga na kilomita 5 ne. Wata dattijuwa maƙwabciyata ce ta matsa mini, ta ce ba ya kyautuwa mutum ya shekara a gari bai taɓa taka titunansa tare da mutanen garin ba. Na biya kuɗin rajista, aka ba ni lamba na maƙala a ƙirji, da koriyar riga mai hoton ganyen nan mai kunne uku da suke kira shamrok. Da safiyar ranar sanyi ya fi na tsakiyar hunturunmu, ga masu busa algaitar jaka sun tsaya a bakin hanya, ga tsofaffi, ga mata masu tura 'ya'yansu a keken jarirai. Kuɗin da aka tara kuwa an ce na ciyar da mabukatan garin ne. Na ƙare a can baya-baya, na kuma yi kwana uku ina ɗingishi, amma daga ranar mutanen da a da sai dai mu wuce juna suka fara gaishe ni da sunana.

Kafin a yanke wa wannan al'ada hukunci, wajibi ne a san mafarinta. Tsakanin 1845 da 1852 wata cuta ta faɗa wa dankalin Turawa, wanda har yau a kasuwanninmu ake kira da sunan ƙasar, wato "Airish". Shi ne abincin talakan Ailan a lokacin. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu da yunwa da cututtuka, wasu kimanin miliyan ɗaya kuma suka tsallake teku. Waɗanda suka sauka Amurka sun tarar da ƙyama da raini, suka zama 'yan ƙwadagon haƙa magudanan ruwa da shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. Alal misali, garin Holyoke na Masachuset, wanda a da ake kiran yankinsa da sunan Ailan, da gumin waɗannan baƙi aka gina madatsar ruwansa a ƙarshen shekarun 1840. A wannan gari ne jikokinsu suka fara faretin Waliyyi Patrick a 1952, sa'an nan a 1976 suka ƙara da tseren gudu, wanda yanzu na kilomita 10 ne, da ake yi ranar Asabar kafin faretin. Birnin Shikago ma yana da nasa na kilomita 8, wanda dubban mutane ke shiga, kuma tun 1962 ake rina kogin birnin kore saboda bikin.

Abokan muhawarata suna da hujjoji uku, kuma babu wadda zan raina a cikinsu. Ta farko ita ce kasuwanci ya cinye abin, domin kamfanoni ne ke ɗaukar nauyin manyan tseren, su sayar da riguna da huluna. Ta biyu ita ce giya, domin da yawa daga cikin waɗannan tsere a mashaya suke ƙarewa. Ta uku, wadda ta fi nauyi a wurin mai nazarin harshe, ita ce yawancin masu koren kayan nan ba su iya ko gaisuwa da harshen kakanninsu ba. Yunwar nan ta fi yin ɓarna a yammacin ƙasar, inda masu harshen suka fi yawa, waɗanda suka yi hijira kuwa 'ya'yansu Ingilishi suka tashi da shi. Ko a cikin Jamhuriyar Ailan kanta, ƙidayar 2022 ta nuna kimanin mutum 72,000 ne kawai ke magana da harshen kullum a wajen makaranta. Ashe ke nan, in ji su, an yar da ƙwaya an riƙe ƙaiƙayi, koriyar riga kuwa shigar burtu ce.

A tawa fahimtar, sun yi gaskiya a kan harshe, amma sun yi kuskure a kan tseren. Babu tseren da zai dawo da harshen da ya kuɓuce; wannan aiki ne na gida da makaranta, irin wanda Douglas Hyde da abokansa suka ɗauka lokacin da suka kafa ƙungiyar raya harshen a 1893. To amma laifin asarar ba na masu gudu ba ne, an yi ta tun kafin a haifi iyayensu. Abin tambaya shi ne, mutumin da ya gaji suna da labarin yunwa kaɗai, me ya kamata ya yi da su? Zai iya binne su ya narke cikin jama'a, kamar yadda da yawa suka yi. Zai kuma iya fitowa sau ɗaya a shekara ya rufe titin da kakansa ya shimfiɗa, ya gudu a kansa da sunan kakan. Wanda ya yi na biyun bai bar gida ba, balle gida ya bar shi.

Har ila yau, zaɓen gudu ba hatsari ba ne. Wasannin motsa jiki suna daga cikin ƙofofin farko da 'ya'yan baƙin nan suka bi suka sami mutunci. James Connolly, ɗan wasu baƙi daga Ailan da aka haifa a Boston, shi ne zakaran farko a wasannin Olamfik na zamani, a birnin Atina a 1896. Sa'an nan gudu yana da wata fa'ida da fareti ba shi da ita. A fareti wasu ke tafiya wasu na kallo, kuma baƙo ɗan kallo ne. A tsere kuwa tudu ba ya tambayar asalin kowa, haki ɗaya ake yi. Al'ummar da aka taɓa rufe wa ƙofa, ta zo ta shirya bikin da Bahaushe da Basine da mutumin Meziko za su shiga da lamba a ƙirji daidai da kowa, lalle ta koyi wani abu daga tarihinta. Shi kansa Patrick ɗin baƙo ne a Ailan: daga Birtaniya aka kamo shi bawa yana ɗan shekara 16, ya yi shekara shida yana kiwo, ya gudu, daga baya ya komo da ƙafarsa.

Batun giya kuwa, ni ban sha ba, ba wanda ya tilasta mini, ruwa da ayaba aka miƙo mini a ƙarshen gudu kamar kowa. Yana da kyau a sani cewa a Ailan kanta doka ta rufe mashaya a ranar bikin har tsawon shekaru da dama a ƙarni na 20, saboda haka wanda ya kauce wa mashaya bai saɓa wa asalin ranar ba. Kasuwanci kuma babu bikin da ya tsira daga gare shi, abin dubawa shi ne inda kuɗin rajista ke tafiya, kuma mai shiga yana da ikon tambaya kafin ya biya.

Saboda haka shawarata ga duk ɗan'uwan da karatu ya kai shi irin waɗannan garuruwa ita ce, idan Maris ya zo ya nemi ƙaramin tseren unguwa, ya tambayi wanda ya shirya da wanda zai amfana, sa'an nan ya ɗaura takalmi. In ya gama haki, ya nemi tsoho mafi kusa ya tambaye shi daga wane yankin Ailan kakansa ya fito. Ni na yi wannan tambaya, kuma amsar ta ɗauki lokaci fiye da gudun.