Wayarki Ba Ta Mutu Ba, Kada Ki Binne Ta

A ɗakin awo akwai wani ɗan ƙaho da nake ɗorawa a cikinki don in ji bugun zuciyar jaririnki. Wani likitan Faransa, Adolphe Pinard, ya ƙirƙiro irinsa a 1895. Ba ya cin batir, kuma ko an ɗauke wuta yana aikinsa. Duk lokacin da na ɗauke shi, sai in tuna wayoyin da muke canzawa alhali lafiyarsu ƙalau.

Ki sani, wani kayan da gangan ake rage masa kwana don mai shi ya koma kasuwa. A 1924 manyan kamfanonin ƙwan lantarki suka haɗu a Geneva, suka ƙulla cewa kada ƙwai ya wuce awa 1,000 yana ci. A 2017 kamfanin Apple ya amsa cewa yana rage saurin wasu tsofaffin iPhone, ya ce raunin batir ne dalili. A 2020 Faransa ta ci shi tarar yuro miliyan 25 saboda bai sanar da masu wayoyin ba. Sauran aikin kuwa mu muke ƙarasa musu, da gasar gidan biki da "wance ta canza waya".

Me ya haɗa ungozoma da wannan? Na sha ganin an kawo mace cikin dare tana zubar da jini, sabuwar waya a hannun maigida, amma babu kuɗin magani. Haihuwa ba ta jiran ƙarshen wata.

Ba sabon abu nake ƙi ba. Na'urar hoton ciki tana nuna mana abin da ƙahona ba zai iya ba. Maganin da wa'adinsa ya wuce kuwa, kada a sha.

Amma wayar da ke kira, ake kuma samunki a kanta, ta isa ki nemi taimako ranar naƙuda. In batir ya gaji, a canza shi. In gilashi ya fashe, a kai wa mai gyara. Kuɗin sabuwar a ajiye su don mota, gwaji da kayan haihuwa. Wadda ta mutu kada a ƙona ta, kada a ba yara su yi wasa da ita, domin tarkacen kayan lantarki kan ƙunshi dalma, gubar da ke cutar da yara da ɗan tayi.

Ki nuna wa maigida wannan shafi. Allah Ya sauke ki lafiya.