Gasar Ƙwallon Lambu Ta Mata: Tsarin Wasa Ke Buɗe Ƙofa, Shi Ke Rufe Ta

Kafofin watsa labarai na Hausa sun daɗe da raɗa wa wasan golf suna ƙwallon lambu, kamar yadda aka raɗa wa wasan folo ƙwallon dawaki, aka kuma samar da ƙwallon kwando da ƙwallon raga. Sunan ya zauna daram a baki, ya kuma dace da filin da ake yin wasan, mai ciyawa da itatuwa da ƴan tafkuna. To amma daga sunan ba a ƙara gaba ba. Duk abin da ke gudana a cikin filin, tun daga yadda ake ƙidaya har zuwa yadda ake fitar da gwani, da Turanci ake faɗarsa, alhali kulob ɗin Kano, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 1908, ya riga jirgin ƙasa isowa birnin, domin shi jirgi sai a 1911 ya iso. Shekara ɗari da ɗoriya ke nan wasa yana zaune a unguwar Nasarawa bai koyi Hausa ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mai karatu su wa aka yi wa wasan, su wa kuma aka bari a bayan shinge.

Cikin waɗanda aka bari a bayan shingen nan babu kamar matanmu. Gaskiya ne akwai ƙungiyar mata masu ƙwallon lambu ta ƙasa, kuma manyan kulob-kulob irin su Ikoyi na Legas da IBB na Abuja suna da sashen mata da kyaftin ɗinsu, suna shirya gasa duk shekara. Amma wanda ya duba jerin sunayen masu shiga irin waɗannan gasa ba ya bukatar mai ƙidaya ya gaya masa cewa ƴaƴan Hausa ba su taka kara sun karya ba. Dalilan da aka saba kawowa su ne tsadar kayan wasa, da al'ada, da rashin lokaci, kuma kowanne yana da ƙamshin gaskiya. Sai dai akwai wani dalili da ba a cika kula da shi ba, wanda a nawa ganin ya fi sauran sauƙin gyara domin ba ya cin ko kwabo, wato irin tsarin wasan da masu shirya gasa suke zaɓa.

Bari in ɗan yi bayani saboda wanda bai san wasan ba. Cikakken fili yana da ramuka 18. Kowane rami an yanka masa adadin bugun da ake sa ran gwani zai yi kafin ƙwallo ta faɗa ciki, galibi uku ko huɗu ko biyar, wannan adadi kuwa zan kira shi mizani. Jimillar mizanin fili kan kama 70 zuwa 72. Ba a yarda ɗan wasa ya ɗauki sanduna fiye da 14 ba, ramin kuwa faɗinsa bai kai santimita 11 ba. Zagaye ɗaya kan ci wajen awa huɗu ana tafe a ƙasa.

Tsarin da ya fi yawa a gasar da ake kira buɗaɗɗiya shi ne ƙidayar bugu. Ana tara duk bugun da mace ta yi daga rami na farko zuwa na ƙarshe, wadda ta fi ƙarancin bugu ita ce ta ci. Tsari ne mai adalci tsakanin gwanaye, shi ne ma ake bi a wasannin Olamfik, inda Inbee Park ta Koriya ta Kudu ta ci zinare a 2016, Nelly Korda ta Amurka ta ci a gasar Tokyo, Lydia Ko kuma ta ci a Faris a 2024. Amma ga sabuwar shiga azaba ce tsagwaronta. Dole ne ta jefa ƙwallo cikin kowane rami komai daɗewa, in ta tsallake ɗaya ba ta gyara ba an kore ta daga gasar. Mu ƙaddara likita ce ko malamar jami'a, mace mai mutunci a idon jama'a, ƙwallonta ta faɗa cikin yashi a rami na biyu, ta yi bugu goma sha biyu kafin ta fita, ga mutane sun yi cirko-cirko a bayanta suna jira, ga yaron da ke ɗaukar mata jaka yana sunkuyar da kai. Tun daga nan ta san gasar ta ƙare mata, alhali da sauran ramuka 16 a gabanta cikin rana. Da yamma kuma a liƙa sunanta a ƙasan allo kowa ya gani. Wace ce za ta dawo baɗi? A wurinmu kunya ba ƙaramin abu ba ce, kuma duk tsarin da bai yi la'akari da ita ba, to ya kori rabin waɗanda ya gayyato tun kafin su zo.

Abin mamaki shi ne maganin wannan ciwo ya daɗe a cikin dokokin wasan kansu. Wani likita mai suna Frank Stableford ya lura da yadda mutane ke yaga takardar ƙidayarsu bayan rami ɗaya ya ɓata musu, sai ya ƙirƙiro tsarin maki, wanda aka fara yin gasa da shi a kulob ɗin Wallasey na Ingila a 1932, kuma har yau da sunansa ake kiran sa. A wannan tsari wadda ta cika mizani tana da maki biyu, wadda ta haura da bugu ɗaya tana da maki ɗaya, wadda ta rage bugu ɗaya tana da uku. In ta haura da biyu ko fiye ba ta da komai, sai ta ɗauki ƙwallonta ta wuce rami na gaba ba tare da an kore ta ba. Bugu goma sha biyun nan ya zama sifiri ɗaya kurum, sauran ramuka suna nan da ransu. A shekarar 2019 ma an ƙara wani tsari cikin dokoki, wanda ya ba masu shirya gasa damar yanka iyakar bugun da za a rubuta wa mutum a rami ɗaya, komai yawan abin da ya yi.

Shi kuwa tsarin maki yana tafiya ne da abin da zan kira rangwame, wato wasu bugun da ake yafe wa mai ƙarancin ƙwarewa domin ya iya karawa da wanda ya fi shi. Mai rangwamen 36 ana cire mata bugu biyu a kowane rami, saboda haka in ta yi shida a rami mai mizani huɗu, ta cika mizaninta, ta sami maki biyu daidai da gwanar da ta yi huɗu ba rangwame. Tun daga 2020 aka fara aiki da tsarin rangwame guda ɗaya a duniya, wanda ya kai har 54 ga maza da mata baki ɗaya. A nan akwai wani tarihi da ya kamata matanmu su sani. Lokacin da matan Birtaniya suka kafa ƙungiyarsu a 1893, sakatariyarsu ta farko, Issette Pearson, ita ce ta tsaya tsayin daka har aka samar da rangwamen bai-ɗaya tsakanin kulob-kulob, kuma sun riga maza cimma wannan da shekaru masu yawa. Sun yi haka ne domin su kaɗan ne, ƙwarewarsu kuma ta bambanta ƙwarai, in ba a daidaita ba babu gasa. Halin da matan Arewa suke ciki ke nan a yau, babu ragi babu ƙari.

Akwai kuma tsarin rami-da-rami, inda mutum biyu ke karawa, kowane rami da hukuncinsa, wadda ta fi cin ramuka ta yi nasara ko da bugunta ya fi yawa a jimilla. Da shi aka yi gasar matan Birtaniya ta farko a 1893, wadda Margaret Scott ta lashe. Yana da wata ɗabi'a da nake so: an halatta wa mace ta ce wa abokiyar karawarta "na yafe miki wannan" idan ƙwallo ta matso bakin rami.

Amma inda na fi son mu tsaya shi ne wasan haɗin gwiwa, domin a nan ne harshenmu ya riga ya tanadi sunaye tun kafin a tambaye shi. Mu mutanen Mainika ta ƙasar Gwarzo, da maƙwabtanmu na Kabo, babu wanda za a koya wa lugude. Mata biyu, turmi ɗaya, taɓarya biyu, wannan ta sauke wannan ta ɗaga, kuma in ɗaya ta saɓa lokaci duka biyun ne suka ɓata. To akwai tsarin da mata biyu ke raba ƙwallo ɗaya, wannan ta buga wannan ta karɓa har a kai rami. Wane suna ya fi dacewa da shi in ba lugude ba? Akwai wani kuma da mata huɗu kowacce za ta buga tata, a duba wadda ta fi faɗawa wuri mai kyau, sauran su ɗauko nasu su dawo nan, a sake bugawa, a yi ta haka har rami. Wannan ai gayya ce: kowa ya zo da fartanyarsa, gonar ɗaya ce, kuma ba a tambayar wa ya fi yawan kunya. Na uku shi ne na biyu-da-biyu, kowacce da ƙwallonta, a ɗauki sakamakon wadda ta fi a cikin kowane ɓangare. Sai mu kira shi kowa-da-tata.

Kada a ɗauka waɗannan wasan yara ne. Kofin Solheim, wanda matan Amurka da na Turai suke karawa a kansa tun 1990, mata goma sha biyu-biyu ne a kowane ɓangare, kwana biyu ana lugude da kowa-da-tata, a rana ta uku a yi rami-da-rami, ana neman rinjaye cikin maki 28. A 2021 kuma jerin gasar da kamfanin Aramco na Saudiyya ya ɗauki nauyi ya fara ne da haɗa gwanaye uku da ƴar sha'awa ɗaya cikin tawaga guda. Ita Saudiyyar ta karɓi baƙuncin gasar ƙwararrun mata tun 2020, Ines Laklalech ta Maroko kuma ta lashe gasar Faransa a 2022. Na kawo waɗannan ne saboda masu cewa wasan bai dace da mace Musulma ba. Wasa ne da babu gudu, babu cuɗanya, babu taɓa juna, kuma doguwar riga da ɗankwali ba sa hana sanda juyawa. Abin da ya rage shi ne kulob ya ware lokacin mata, ya kuma sassauta ƙa'idar sutura da ya gada daga Turawan mulki.

Na san abin da gwanaye za su ce, kuma suna da hujja. Gayya ba ta fitar da zakara. Raggo kan ɓuya a cikinta, kuma wadda ta saba da ita ba za ta iya tsayawa ita kaɗai a gasar ƙasa ba. Shi ya sa masu shirya gasa kan shardanta cewa sai an yi amfani da bugun farko na kowace mace sau kaza. Ban ce a soke ƙidayar bugu ba. A bar ta ga rukunin gwanaye, nan ne gidanta. Amma Georgia Oboh, ƴar Nijeriya ta farko da ta sami gurbi a jerin gasar ƙwararrun mata na Turai, a Ingila aka haife ta, can ta fara riƙe sanda tana ƙarama. Ba a samun irinta daga mata goma sha biyar da ke zagaya kofi tsakaninsu. Sai an sami ɗaruruwa suna wasa don nishaɗi kafin ɗaya ta fito.

Wani zai ce, Mainika da ke neman ruwan sha da malaman makaranta, ina ruwanta da ƙwallon lambu? Ba ni da ja. Ban nemi a gina fili a Gwarzo ba, kuma duk shugaban ƙaramar hukumar da ya yi haka ya cancanci tuhuma. Amma ƴaƴan waɗannan garuruwa mata sun yi karatu, suna asibitoci da bankuna da kotuna da jami'o'in Kano, kimanin kilomita 70 daga gida. Iyayensu mata sun motsa jiki da daka da surfe da ɗiban ruwa, su kuwa daga kujerar ofis sai ta mota, ga hawan jini da ciwon suga suna bin gida-gida. Ina mace mai shekara arba'in da biyar za ta yi tafiyar awa biyu a Kano cikin inuwa, ba babur mai ƙafa uku, ba mai yi mata kallon banza? Wuraren ƴan kaɗan ne, kuma kullum raguwa suke, domin duk wanda ya ga yadda aka yanka filayen birnin nan aka mai da su shaguna ya san babu filin da ya tsira daga ido. Ranar da aka waiwayo filin ƙwallon lambu, in mutum ɗari biyu ne kaɗai suka san amfaninsa, babu mai ɗaga murya dominsa.

Don haka kirana ga sassan mata na kulob-kulob ɗin Kano da Kaduna da Jos, da bankuna da kamfanonin da ke ɗaukar nauyin gasarsu, shi ne a mai da ranar farko ta kowace gasar mata ranar gayya, a kan ramuka tara kacal, bayan la'asar, a sa sabuwar shiga aƙalla ɗaya cikin kowace tawaga, a kuma ara mata sanduna. Rukunin masu babban rangwame a mai da shi tsarin maki. Kamfanin da zai ba da kuɗi ya tambayi adadin matan da suka shiga a karon farko kafin ya tambayi girman kofi. Dokokin ranar kuma a buga su da Hausa a bayan takardar ƙidaya: mizani, rangwame, lugude, gayya, kowa-da-tata. Ba za su wuce shafi ɗaya ba, kuma sassan nazarin harsuna na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello suna da mutanen da za su tace su cikin zama guda.