Binciken Farfesa Abimiku Bai Iso Tashar Mubi Ba

Ya kai ɗan'uwa ɗalibi, ko ka taɓa jin sunan Farfesa Alash'le Abimiku? Ita dai masaniyar ƙwayoyin cuta ce da ta yi digirinta na farko a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. A shekarar 1994, ita da abokan aikinta suka nuna cewa a Nijeriya akwai nau'in ƙwayar ƙanjamau da ake kira G, wanda ya sha bamban da nau'in B da ya fi yawa a Amurka da Turai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kayan gwaji ko rigakafin da aka ƙera bisa ƙwayar Bature ba lallai ne su dace da tamu ba. Tana kuma cikin waɗanda suka kafa cibiyar binciken ƙwayoyin cutar ɗan'adam ta Nijeriya a 2004.

To amma fa a ra'ayina, tasirin aikin nan ya maƙale a Turanci. Je ka tashar mota ko kasuwar shanu ta Mubi, inda fatake daga Kamaru da Chadi ke cuɗanya da mu, ka saurara. Har yau wasu na ɗauka duk mai ɗauke da ƙwayar ya zama gawa, alhali mai shan magani a kan kari yana iya daɗewa lafiya lau. Kalma ɗaya, ƙanjamau, muke laƙaba wa ƙwayar da ciwon duka, ga shi kuwa sunan kansa rama yake nufi. Wa zai raba su in ba mu masu nazarin Hausa ba?